Ina da takardar makaranta, amma ranar rigakafi hannuna rawa yake

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama karatun kiwon lafiya, aka turo ni ƙaramin asibiti a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gwaram, yau wata biyar. Mu huɗu ne a wurin. Duk bitar da ta taso, inchajinmu ne ke tafiya Dutse. Ni kuwa ranar rigakafi sai in rikice, ga nauyin tambaya, kada a ce zaman banza na yi a makaranta. Ta yaya zan ƙware ban taɓa zuwa bita ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, wata biyar ba komai ba ne. Ita kanta gwamnati shekara 2 take ba sabon ma'aikaci na gwaji kafin ta tabbatar da shi, don ta san ba a fitowa makaranta a nune.

Bita tana da amfani, amma kwana uku ne a ɗakin taro, a raba littafi da kuɗin mota a watse. Na ga waɗanda takardun bitarsu suka cika jaka, rijista kuwa ta gagare su. Ilimin da kike nema yana hannun mutum ukun nan da kuke tare.

Ɗauki ranar rigakafin. A makaranta an gaya miki ana ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma BCG, allurar tarin fuka, da ta ƙyanda, in an haɗa su da ruwansu, awa 6 ne sai zubarwa. Kin haddace, kin ci jarrabawa. Amma ki tsaya kusa da tsohuwar ma'aikaciyarku da sassafe. Za ki ga ta bar ƙanƙarar ta ɗan yi gumi kafin ta jera a akwatin sanyi, saboda Penta, allurar rigakafin cututtuka biyar, ba ta son daskarewa. Za ki ga ta ɗaga kwalba ta dubi ɗan murabba'in da ke jiki, ko ya yi duhu, alamar zafi ya lalata maganin. Uwa ta zo ba kati, ba ta san ranar haihuwa ba, sai ki ji ta ce, "Kafin Sallar layya kika haihu ko bayanta? An yanke gero?" Nan take ta gane ko yaron ya kai wata 9, lokacin allurar ƙyanda. Wannan ba ya cikin littafi.

Sai dai tambaya tana da lokacinta. Kada ki tambaya a gaban layin mata, kowa da goyo yana kuka. Za a amsa miki a gajarce, ke ma ki ji kunya. Bari a tashi, ana wanke hannu, ki ce, "Yaya, ɗazu na ga kin yi kaza, don Allah me ya sa?" Manyan ma'aikata da yawa ba rowa suke yi ba, ba a tambayarsu ne. Akwai dai mai ƙyashi, wanda ke ganin in kin iya za ki ture shi. Irin wannan ki gaishe shi da ladabi, ki nemi wani. Kada kuma ki raina mai shara ko maigadi: su suka san unguwar da ba a kawo yara, da ungozomar da ake jin maganarta.

Ki roƙi a bar miki aiki ɗaya ya zama naki. Ni da zan zaɓa miki, rahoton ƙarshen wata ne, wanda kowa ke gudu. Ki tattara alƙaluma daga rijista, ki kai wa inchaji ya duba da jan biro kafin a miƙa ƙaramar hukuma. Wata uku kina haka, za ki san asibitin ciki da bai.

Maganar Dutse kuwa, kada ki kai ƙara. In inchaji ya dawo, ki ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan ba mu rabin awa a gaya mana abin da aka koyo." Ki zo da littafinki da biro, ki kuma ari takardun da aka raba musu ki ɗauka a waya kafin su shige durowa.