Shekara shida ina tace rubutu ni kaɗai, ina zan ƙaro ilimi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan ina aikin tace rubutu, yawanci littattafan labari da rahotannin ƙungiyoyi, na Hausa da na Turanci, kuma daga gida nake yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, da karance-karance da yawan yi na iya. Har yau babu marubucin da ya dawo mini da aiki yana ƙorafi, amma hankalina bai kwanta ba, don ban san edita ko ɗaya da zan tambaya idan na cije ba. Kullum ina ganin tallan kwas na kwana uku a intanet, wai za a ba mutum satifiket na "ƙwararren edita na duniya". In biya in yi? Ko akwai ƙungiyar da ya kamata in shiga? Ina tsoron an bar ni a baya ban sani ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Rashin kwanciyar hankalin nan naki alama ce mai kyau, kada ki yi saurin korar sa. Zan zo kan kwas da ƙungiya, amma akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da ta fi tsaya mini a rai, wato inda kika ce babu marubucin da ya taɓa ƙorafi. Wannan maganar nake ji a bakin editoci kusan kullum, kuma ita ce ta fi komai cutar da su a sana'ar nan.

Marubuci ba zai iya auna aikinki ba. Da yana ganin kurakuran da ke cikin rubutunsa, da bai kawo miki ba tun farko. Ya karanta shafukan nan sau ashirin har idonsa ya daina karanta abin da ke kan takarda, yana karanta abin da ke cikin kansa. Idan kika tsallake kuskure, shi ma zai tsallake shi a karo na ashirin da ɗaya. Abin da yake iya gani shi ne kin dawo da aiki a kan lokaci, kin yi masa magana mai daɗi, shafuka sun cika da jan layi. Sai ya yi godiya, ya turo miki abokinsa. Wanda kuma bai ji daɗin aikin ba, da wuya ya faɗa miki, littafinsa na gaba kawai zai kai wa wani. Don haka shirun da kike ji bai gaya miki komai ba game da ingancin tacewarki.

Kuskuren da edita ya tsallake ma da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne wanda edita ya shigar da hannunsa. A farkon shekaruna na tace wani ɗan littafin wayar da kai kan kiwon lafiya na wata ƙungiya. Marubucin ya rubuta cewa ba duk masu zazzaɓi ne ke buƙatar wannan magani ba. Jimlar ta yi mini tsawo, na rage ta, ta koma masu zazzaɓi ba sa buƙatar wannan magani. 'Yan kalmomi kaɗan na taɓa, ma'ana ta kife. Marubucin ya karɓa ya yaba, wanda ya ba ni aikin ya biya. Wata dattijuwar edita da ta ga shafukan kafin su tafi maɗaba'a ce ta ja layi da fensir ƙarƙashin jimlar, ta ajiye ainihin rubutun kusa da nawa, ta ce in karanta su a bayyane ɗaya bayan ɗaya. Har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi. Da ba ta gani ba, da an buga, kuma da na ci gaba da lissafa wannan aiki cikin waɗanda ba a yi ƙorafi a kansu ba.

Ki ƙara da abin da yawan yi ke haifarwa. Mutane na cewa yau da gobe ke sa a ƙware, kuma haka ne idan akwai mai gyara ka a tsakani. Idan babu, abin da kika fahimta ba daidai ba a shekarar farko shi za ki yi ta maimaitawa har ya zame miki doka, ki riƙa gyara wa marubuta daidai zuwa kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa. Na ga editan da ya shekara goma yana raba "yana" da "ake" gida biyu, yana kuma haɗe "za a" da "ba a", duk akasin ƙa'ida, saboda haka ya tsinta a wani littafi tun yana ɗalibi. Na ga wadda duk marubucin da ya bi ta hannunta sai ya fito da irin jimlolinta, gajeru, masu kama da juna, har ba ka iya bambanta littafin wannan da na wancan. Ita a ganinta tsabta ce. Babu wanda ya taɓa ce mata murya ta marubuci ce, kuma ba a ɗauke ta aiki don ta shafe ta ba. Akwai kuma masu miƙa fayil su wanke hannu, ba su san cewa wajen tsara shafuka wani nau'in harafi kan zubar da ƙugiya ba, "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa", ko wurin harafin ya zama ɗan akwati babu komai ciki. Duk waɗannan abubuwa ne da edita ke gani a aikin ɗan uwansa cikin minti biyar, marubuci kuwa ba zai gan su ba ko zai shekara yana dubawa.

To me ya sa ba mu nuna wa juna aikinmu? Wanzami ba ya son jarfa. Mun saba mu ne masu jan biro, sai ya zama abin kunya a ja mana. Wasu kuma na tsoron idan wani edita ya ga rubutun zai san marubucin ya ƙwace shi. Wannan tsoron ya hana mutane da yawa ci gaba, alhali duk editan da ya daɗe zai gaya miki cewa aiki mai yawa daga hannun abokan sana'a yake zuwa, lokacin da nasu ya yi musu yawa ko aka kawo musu fannin da ba su iya ba.

Yanzu kwas ɗin kwana uku. Kada ki biya. Babu wata hukuma ɗaya a duniya da ke ba da lasisin zama edita, saboda haka duk wanda ya ce satifiket ɗinsa "na duniya" ne, kansa ya naɗa. Abin da ke ɓata mini rai da masu wannan talla shi ne sun san mutane irinki suke farauta, masu son aikin tsakani da Allah waɗanda ba su da wanda za su tambaya. Su karanta muku ma'anar waƙafi da aya daga allo, su ɗauke ku hoto, su aiko da takarda mai tambari. Tambaya uku za ki yi wa kowane kwas kafin ki fitar da kuɗinki. Wane ne malamin, kuma waɗanne littattafai suka bi ta hannunsa da za ki iya dubawa? Za a ba ki rubutu ki tace, wani ya bi aikinki layi-layi ya dawo miki da bayani? Ana iya faɗuwa? Idan duk wanda ya biya yana cin jarrabawar, kuɗin kawai aka auna.

Ki kwatanta da yadda ƙungiyoyin editoci na gaske suke yi. A Birtaniya akwai CIEP, wadda aka kafa a 1988 da wani suna, ta koma wannan sunan a 2020 bayan ta sami amincewar masarauta. Mambobinta mataki huɗu ne, kuma ba a hawa sai da shaidar horo, da lissafin sa'o'in da mutum ya yi yana aiki, a manyan matakan har da shaidar waɗanda aka yi wa aikin. Ƙungiyar editocin Kanada, wadda ta fara a 1979, ta rubuta ma'aunin sana'a da ya raba aikin gida huɗu: gyaran tsarin rubutu gaba ɗaya, gyaran salo, gyaran nahawu da ƙa'idoji, da duban ƙarshe kafin bugu, kuma tana da jarrabawa a kan kowanne. A Ostireliya IPEd na yin jarrabawar tantancewa tun 2008, kuma wanda ya ci sai ya sabunta shaidarsa duk shekara biyar. A Amurka akwai EFA ta masu zaman kansu tun 1970, da ACES tun 1997. A Afirka ta Kudu akwai PEG. Wasunsu na fitar da jadawalin kuɗin aiki da kowa ke iya gani a shafinsu, wanda zai taimaka miki ki san yadda ake lissafi da sa'a ko da kalma, ko da adadin bai yi daidai da inda kike ba.

Sai dai kusan dukkansu a kan Turanci suke aiki. Za su koya miki tsari: yadda ake bin rubutu zagaye-zagaye maimakon a kama komai lokaci guda, yadda ake rubuta wa marubuci tambaya a gefen shafi ba tare da an ci masa fuska ba, yadda ake amfani da Track Changes, wato tsarin manhajar rubutu mai nuna duk gyaran da aka yi, don kada a sauya harafi ɗaya a ɓoye, da yadda ake ajiye takardar da ke ɗauke da duk hukuncin da aka yanke a littafi, kamar rubutun sunan kowane mutum da yadda ake rubuta lambobi. Wannan duk yana aiki a kowane harshe, kuma ya cancanci kuɗinki idan kina da hali. Ƙa'idojin rubutun Hausa kuwa, wajen malaman harshe da littattafansu za ki same su. Ki kuma riƙa bin sauye-sauye, don ko littafin salon Chicago da editocin Turanci da yawa ke dogara da shi, an fara buga shi a 1906, kuma a 2024 aka fitar da bugu na 18 da wasu hukunce-hukunce da suka sauya.

Abin da zan so ki fara da shi a wannan watan bai buƙatar rajista. Ki buɗe littattafan da tacewarsu ta burge ki, ki duba shafin godiya, sau da yawa sunan editan na nan. Ki nemi mutum biyu ko uku. Ku ɗauki shafi biyar na rubutu ɗaya, kowa ya tace shi kaɗai, sannan ku zauna, ko a waya, ku jera aikin kusa da juna. Ki lura da abin da suka kama da ya wuce ki, amma ki fi lura da wuraren da kika taɓa su kuma suka bari, ki tambayi kanki ko kina da hujjar da za ki iya faɗa a bayyane. Ki buɗe ɗan littafi na musamman ki riƙa rubuta kurakuranki, bayan wata shida za ki ga iri uku ko huɗu ne ke ta dawowa. Idan kin sami wanda ya girme ki a aikin ya yarda ya bi babi guda na tacewarki, ki biya shi ladan lokacinsa, ya fi miki kwas goma.

Zaurukan editoci na WhatsApp da Facebook suna da amfani wajen tambayar gaggawa, amma ki riƙa neman madogara. Wanda ya fi yawan magana a zaure ba lallai shi ya fi sani ba, kuma na sha ganin an kafa kuskure ya zama ƙa'ida saboda mutum goma sun danna alamar amincewa.

Abu ɗaya da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne amana. Rubutun da ba a buga ba dukiyar mai shi ce, wani shekaru ya yi yana haɗa shi. Kada ki tura ko shafi ɗaya zaure, ko ki nuna wa abokin aiki, ko ki zuba shi cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira, sai kin nemi izinin marubucin a rubuce, kin gaya masa wanda zai gani da dalili. Idan bai yarda ba, ku yi atisayenku da labarin jarida da aka riga aka buga, ko rubutun ɗayanku.