Me zai hana a ƙara wa telboi nauyi kawai ya daina kifewa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ɗalibin jiyofiziks ne, an nuna mana bidiyon jirgin da ke binciken mai a teku yana jan dogayen kebul a bayansa, kowanne da wani ɗan abu mai iyo a ƙarshe, telboi. An ce mana yana ba da wahala sosai, wai yakan kife ko ya dinga wutsil-wutsil a ruwa. To me zai hana a ƙara masa girma da nauyi kawai ya zauna daram?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Girma da nauyi ba su ne maganin ba, sau da yawa ma ƙara dagula lamarin suke, kuma dalili shi ne telboi ba zaman kansa yake ba, ɗaure yake da kebul ɗin da ake sauraro da shi, duk motsin da ya yi sai kebul ya ji a jikinsa.

Kebul ɗin nan, sitirima, tsawonsa kan kai kilomita 6 zuwa 12, yana tafiya a ƙarƙashin ruwa, cike da haidirofon, wato makirufon cikin ruwa, da ke sauraron amsa-kuwwar bindigar iskar da jirgin ke harbawa a ruwa bayan sautin ya daki duwatsun ƙasan teku ya dawo. Ba ɗaya ake ja ba, jirgi irin Ramform Titan da kamfanin PGS ya ƙaddamar a 2013 an gina shi ya iya jan har 24, tsakanin kowanne da na kusa da shi galibi mita 50 zuwa 100. Gudun jirgin kuma ba wani abu ba ne, wajen kilomita 8 zuwa 9 a awa. Aikin telboi uku ne: ya ɗauki GPS a san inda wutsiyar kebul take, ya ɗauki fitila da abin da rada ke gani don kada wani jirgin ya bi ta kai, sannan jan da ruwa ke masa ya riƙe wutsiyar a miƙe.

To a wannan na ukun matsalar shawararka take. Kebul yana ƙasa, telboi yana sama, kenan igiyar da ta haɗa su a karkace take, tana jan hancin telboi gaba da kuma ƙasa, shi kuma yana jan wutsiyar kebul baya da sama. Ka ƙara masa girma ka ƙara masa turjiya a ruwa, sai ya dinga ɗago wutsiyar kebul zuwa sama inda hayaniyar raƙuman ruwa take, kuma duk lokacin da ya hau raƙumin ruwa ya sauko sai ya fizgi igiyar, fizgar nan ta bi cikin kebul ta shiga haidirofon ta zama hayaniya a data, mutanen sarrafa data su yi ta tsine maka ba ka sani ba. Shi ya sa ake sa wani sashe mai talewa tsakanin telboi da kebul ya shanye fizgar, amma shi ma yana da iyaka. Sannan turjiya ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkin gudu sau kansa take bi, daga not 4 zuwa not 5 kawai (not ma'aunin gudun jirgin ruwa ne) ta ƙaru da fiye da rabi.

Nauyi yana da amfani amma fa inda aka sa shi ne magana. A saman telboi akwai sanda mai ɗauke da eriya da fitila, wani lokacin har da farantin sola, duk wannan kaya ne a sama kuma iska na bugunsa. Don haka ake tura batura can ƙasa, a sa ƙarfe mai nauyi a firam ɗin da ke ƙarƙashin ruwa, ta yadda cibiyar nauyi za ta sauka sosai, in raƙumin ruwa ya kwantar da shi gefe ya miƙe da kansa. Kilo 20 a ƙasan firam ya fi kilo 100 da aka jibga a tsakiyar jiki amfani, wancan na tsakiyar ba abin da zai yi sai nutsar da shi ya rage masa sauran ƙarfin iyo, ranar da hanci ya soki ruwa ya kasa ɗagowa da wuri.

Wutsil-wutsil ɗin kuwa ba ruwansa da nauyi kusan gaba ɗaya, maganar wurin ɗauri ce, kuma ni a ganina nan ne ainihin sana'ar take. Akwai wuri a jikin telboi inda matsin ruwa na gefe ke taruwa. In wurin ɗaure igiya yana gaban wannan wurin da tazara mai kyau, da ya ɗan karkace ruwa zai tura bayansa ya dawo layi. In ɗaurin ya matso baya kusa da wurin, ko ya wuce shi, kowace ƙaramar karkata sai ta haifi babba, ya tafi dama ya dawo hagu ya sake tafiya, kamar tirelar da aka loda wa kaya can baya take kaɗa mota a titi. Shi ya sa za ka ga faranti a tsaye a ƙarƙashin bayansa, aikinsa ya ja wurin matsin nan baya. Amma kuma ba a kai ɗaurin can kan hanci, don igiyar ƙasa take ja, sai ya dinga dulmiya kai yana tasowa. Ana neman tsaka-tsaki ne, a ƙasan layin ruwa, galibi da linzami mai reshe biyu ko sarƙa, a kuma ba gaban jiki faɗi da cika don ya iya ɗaukar jan. Matsar da ɗaurin rami ɗaya a firam kan canja halin telboi gaba ɗaya.

Lokacin da ya fi kifewa shi ne wajen juyawa. In jirgi ya gama layi zai koma wani, sai ya yi kwana mai faɗin kilomitoci ana ɗaukar awanni, kebul ɗin da ke cikin kwanar gudunsa ya ragu sosai, igiya ta saki, farantin baya ya rasa ruwan da zai yi aiki da shi, telboi ya juya gefe raƙumin ruwa ya same shi a haƙarƙari, can kuma igiya ta miƙe bagatatan ta fizge shi yana a karkace. In ya kife eriya na cikin ruwa, GPS ya ɗauke, sai an jira teku ta lafa a tura ƙaramin jirgin aiki ya je ya miƙar da shi.

Akwai abin da telboi bai isa ya gyara ba, gudun ruwa na gefe. Kebul mai kilomita 10 in ya karkace da digiri 5 kacal wutsiyarsa ta bar layi da kusan mita 870. Wannan aikin tsuntsaye ne, ƙananan na'urori masu fukafukai da ake ɗaurawa a jikin kebul wajen kowace mita 300, suna riƙe zurfi, na zamani irin DigiFIN da Nautilus har gefe suna tuƙawa.

In telboin da ke tafiya lafiya ya fara rawa daga baya, kafin a zargi ƙirarsa a duba ƙasansa, ragar masunta ko ciyawar teku da ta sarƙe firam gefe ɗaya ta isa, haka ƙwarin nan masu ɓawo da ke manne wa komai a ruwa mai ɗumi, ko ruwa ya shiga ɗaki ɗaya na jikin. Har kunkurun teku kan maƙale a firam ɗin ya mutu, shi ya sa ake sa ƙarafan kariya a gaba, su ma kuma sai an lissafa turjiyarsu an sake duba wurin ɗauri bayan an walda su.