Ku Tambaya Mu Amsa: Kansilolinmu sun rabu biyu a kan kwangilar ƙanin ciyaman

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Don Allah ina son ka warware min wani abu da yake ci min tuwo a ƙwarya. A ƙaramar hukumarmu yau kusan wata huɗu kansiloli ba su zauna ba, sun rabu gida biyu, wasu suna tare da ciyaman wasu suna cewa sai sun tsige shi. Asalin faɗan kwangilar kwalbati ce da magudanar ruwa a unguwarmu, aka ba wa kamfanin ƙanin ciyaman, shi kuma kansilanmu siminti da rodi duk a shagonsa ake saya. Aikin ya tsaya rabi, damina ta zo ruwa ya shiga gidajenmu, katangar maƙwabcina ta faɗi. Shin doka ta hana ba wa ɗan'uwa kwangila? Kuma wani abokina yace a ƙasashen Turawa ba a irin wannan, gaskiya ne? Daga Baban Khalifa.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Khalifa, Allah ya mayar wa maƙwabcinka da alheri, ya kiyaye gaba.

Bari in fara da maganar abokinka don ita tafi sauƙi. Ana yi, wallahi ana yi, kuma har a manyan birane. Toronto shine birni mafi girma a Kanada, an yi wani kansila a can mai suna Rob Ford wanda yake da gidauniyar tallafa wa ƙwallon ɗaliban sakandare, sai ya riƙa amfani da takarda mai tambarin majalisar birni yana roƙon gudummawa, har daga mutanen da suke da buƙata a wajen majalisar. A 2010 ma'aikaciyar da ke kula da ɗa'ar kansiloli ta bincika tace yayi ba daidai ba, majalisa ta umarce shi ya mayar da kuɗin, dala 3,150 ta Kanada. Bai mayar ba, a ƙarshen shekarar ma aka zaɓe shi magajin gari. A watan Fabrairun 2012 aka sake kawo maganar zauren majalisa, to maimakon ya tashi ya fita tunda a kansa ake magana, sai ya zauna yayi jawabi yana kare kansa, sannan ya kaɗa ƙuri'a cikin masu cewa a yafe masa. Wani mazaunin birnin, mutum kamar ni da kai, ya kai shi kotu, a watan Nuwamban 2012 alƙali Charles Hackland yace ya sauka daga kujerar. Ya ɗaukaka ƙara yayi nasara a Janairun 2013, dalili kuwa kotun tace tun farko majalisar ba ta da hurumin tilasta masa mayar da kuɗin.

Ka lura da abu ɗaya a labarin nan, kuɗin ba aljihunsa suka shiga ba, yara aka yi wa hidima da su, kuma ba su da wani yawa. Abin da ya kusa raba shi da kujera shine ya zama shi ne wanda ake ƙara shi ne alƙali. Wannan shine ainihin cutar da take damunku, kuma ita ce mutanenmu da yawa ba sa ɗauka laifi, sai kaji ana cewa ai ƙaninsa ma ɗan ƙasa ne, ai yana da kamfani mai rijista, don me ba zai ci arziƙi ba. Eh yana da haƙƙin neman na kansa, amma ranar da kwalbatin ya tsage wa zai kira shi ya titsiye shi? Yayansa? Kansilan da ya sayar masa da simintin kuma yake bin sa cikon kuɗi? Ba a ba kura ajiyar nama, ko da kuwa ta rantse ta ƙoshi.

Yanzu batun doka. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a Jadawali na Biyar ya kawo ƙa'idojin ɗa'ar masu riƙe da muƙami, kuma sakin layi na farko ma cewa yayi kada jami'i ya sa kansa a inda buƙatar kansa za ta ci karo da aikin da aka ɗora masa. Ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma duk an ambace su a cikin waɗanda abin ya shafa, ba wai gwamna da minista kaɗai ba. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana iya raba mutum da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta kuma ƙwace abin da ya tara ta wannan hanyar. Sai dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shekarar 2000, sashe na 19 yace wanda yayi amfani da ofishinsa ya ba kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa wata alfarma ta rashin gaskiya, ɗaurin shekara 5 ne ba zaɓin tara. To kaga ba sai an ga kuɗi a ƙarƙashin gadon ciyaman ba, abin da za a duba shine ta yaya ƙanin ya samu aikin, an tallata? wasu kamfanoni sun nema? ciyaman yana zaune lokacin da aka yanke?

Amma Baban Khalifa abin da nafi so in ja kunnenka a kai shine su waɗancan kansilolin masu cewa sai sun tsige shi. Ban san su ba, ba zan ce musu ƙarya suke ba, ta yiwu akwai masu kishi na gaske a ciki. Sai dai mun sha gani ana tada jijiyar wuya a sakatariya, a kira 'yan jarida, a rubuta takardar tsigewa, sai wani babba a jam'iyya ya kira su cikin dare a sasanta, washegari kaji ance rashin fahimta ce irin ta harshe da haƙori, ku kuma kwatarku tana nan yadda take. In faɗan nasu na an hana mu kaso ne, ranar da kason ya fito zai mutu. Ka gwada su da abu mai sauƙi, kace su ba ku kwafin takardar kwangilar da adadin abin da aka biya ɗan kwangila zuwa yanzu. Wanda don ku yake yi ba zai yi nauyin hannu ba.

Kuma abin ya ƙara muhimmanci yanzu, don a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Mun yi murna, ni ma na yi, amma in kuɗi zai sauko hannun ciyaman alhali majalisar da ya kamata ta sa masa ido rabinta abokan cinikinsa ne rabi kuma sun yi fushi sun daina zama, to wa zai duba kasafin kuɗin?

Shawarata kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ku fara da zagi a Facebook, za a ce 'yan adawa ne suka turo ku, ko ma a maka ku a kotu kan ɓata suna. Ku haɗu ku 'yan unguwa da mai unguwa da limami, ku ɗauki hoton aikin yadda aka bar shi da gidajen da ruwa ya ɓata, ku rubuta sunan kamfanin in akwai allon aiki a wajen, sannan ku rubuta ƙorafi kowa ya sa hannu, kwafi ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga shugaban majalisar kansiloli, ɗaya ofishin ICPC, ɗaya hukumar ɗa'ar ma'aikata, in jiharku tana da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe kamar ta Kano ita ma ku kai mata. Duk inda kuka miƙa ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku da kwanan wata. A cikin takardar ku tsaya kan abin da kuka gani da idonku, kada ku rubuta an sace kaza tunda ba ku da lissafin, ku ce a binciki yadda aka bada aikin kuma a dawo a ƙarasa magudanar kafin wata daminar. Ka sake rubuto min in sun amsa, ko in sun yi shiru.