Bargon Gayya da Rubu'in Inci

Assalamu alaikum 'yata. Ya shago, ya yaran da ke koyo? Saƙonki na murya ya same ni bayan sallar asuba, na saurare shi har sau biyu. Kin ce ku shida ne, ke da ƙawayenki teloli, kuna so ku haɗa wa ƙawarku amarya bargo da ƙyallayen atamfar da suka cika buhu a ƙarƙashin teburin yanka, irin wanda na turo miki hotonsa, wanda mutanen Amurka ke kira kwilt. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne yadda hannu shida da keke shida za su ɗinka abu ɗaya ya fito a miƙe bai karkace ba. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, don nan ne aikin yake tashi ko ya faɗi.

Ki fara sanin cewa abin hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙyallaye. Akwai ciki, wato auduga shimfiɗaɗɗiya ko faiba marar kauri irin ta masu ɗinkin zanin gado. Sai shafi a baya. Ɗinkin da ya ratsa su ukun ya ɗaure su, shi ne kwilt ɗin kansa. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Kin sha ganin 'yan lifidi ranar hawan Daushe, doki ya sha rufi tun daga wuya har gwiwa. Lifidin nan yadi biyu ne da audugar rimi a tsakani, an bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta zube ƙasa. Kakanninmu sun yi shi don tare kibiya, su kuma nan Amurka sun yi nasu don tare sanyi. Ranar da na nuna wa matan ƙungiyarmu ta ɗinkin kwilt hoton lifidi a waya, sai da wayar ta zagaya ɗakin gaba ɗaya.

To ga amsarki. Abin da ke riƙe aikin mutane da yawa shi ne rarar da ake bari a bakin ɗinki, kuma a wannan sana'a rubu'in inci ce, ba ƙari ba ragi. Mu teloli hannunmu ya saba da barin rabin inci ko fiye, saboda gobe mai riga za ta yi ƙiba ta dawo a buɗa mata. Bargo ba ya dawowa a buɗa. Wannan sabon ne ya kayar da ni a watannina na farko a nan. An yi musayar gidaje, wato kowace mace ta ɗinko murabba'i goma sha biyu iri ɗaya, a raba, kowa ta koma gida da na sauran ta haɗa bargonta. Na kai nawa ina ganin shekaru talatin da na yi a kan keke sun ishe ni. Wata dattijiya mai furfura ta ɗauki rula mai faɗi, irin ta roba da ake ganin abin da ke ƙarƙashinta, ta ɗora a kan gidana na farko. Ya kamata ya cika inci 12 da rabi. Nawa 11 da rabi ya tsaya. Ba ta ce mini komai ba, sai ta juya bayansa ta sa ɗan yatsa a kan rarar ɗinkin. Dare uku na yi ina farkewa da reza, kuma abin ya yi mini ciwo, domin mata goma sha ɗaya ne ke jiran aikina kafin su ci gaba da nasu.

Ki duba lissafin da kanki. Gidan da ya fi sauƙi shi ne mai ido tara, uku a tsaye uku a kwance. Kowane ido ana yanka shi inci 4 da rabi, in an ɗinke ya koma inci 4 cif. Daga gefe zuwa gefe ɗinki biyu ne. In kika ƙara rubu'in inci a kan rarar da aka ce, kowane ɗinki ya ci rabin inci na banza, don yana ci ta ɓangare biyu, ɗinki biyu kuwa sun cinye inci guda. Yanzu ki ɗauka ke kin matse, wata ta saki, wata tana tsakani. Ranar haɗawa za ku yi ta jan wannan kuna tattare wancan, bargon ya fito da tumbi a tsakiya, gefensa yana igiyar ruwa. Guga ba ta gyara wannan.

Saboda haka kafin kowa ta taɓa atamfa mai kyau, ku taru a shago rana ɗaya da kekunanku ko ki bi su gida-gida. A kowane keke ki auna rubu'in inci daga allura zuwa dama, ki manna salatif mai kauri a kan farantin, ya zama katangar da bakin yadi zai riƙa bi. Sannan kowa ta yanka tsiri uku masu faɗin inci 1 da rabi, ta haɗa su, ta goge. Na tsakiyar ya zama inci 1 daidai, duka ukun kuma inci 3 da rabi. Wadda nata bai cika ba, ta matsar da salatif ɗin ta sake. Kada ki ji nauyin kowa a kan wannan, ko da ta girme ki.

Yanka kuma mutum ɗaya za ta yi, kuma ke nake so. Nan suna da wuƙa mai kamar taya da ake gungurawa a jikin rula, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ta sauƙaƙa aikin sosai. Amma kafin ta zo da kwali da fensir da almakashi mutane suke yi, kuma sun yi abin mamaki. Ki yanka ma'auni da kwali mai tauri, ki zana da fensir mai tsini, don alli yana da kauri, layinsa kaɗai ya isa ya ɓata awo. Ki bi zaren yadin, kada ki yanka a karkace, in ba haka ba idon zai riƙa miƙewa a ƙarƙashin keke. In bakin kwalin ya fara cinyewa ki yi sabo.

Ki zazzage buhun nan ki tsince. Auduga zalla kawai za ki ɗauka. Leshi, da yadin roba mai santsi, da duk abin da ke talewa, ki ajiye su gefe. Ki wanke komai tukuna, masu duhu daban, saboda atamfar da za ta zuba ta zuba tun yanzu, wadda za ta tsuke ta tsuke. Ja da shuɗi mai duhu su ne ba na yarda da su sai na jiƙa ƙyalle na matse a kan farin yadi na gani. Wajen jera kala, abin da ido ke kamawa daga nesa haske da duhu ne, ba zanen atamfar ba. Ki shimfiɗa idanun a ƙasa, ki ɗauki hoto ki mayar da shi baƙi da fari a wayarki. In komai ya zama toka ɗaya, ki ƙara masu haske. Shawara ɗaya kuma da nake so ki riƙe: ku sayi ƙarin ankon bikin a Kantin Kwari, ku sa shi a idon tsakiya na kowane gida. Shi zai haɗa kan ƙyallayen duka, kuma bayan shekara ashirin amarya za ta duba ta tuna ranarta.

Gida 36 za ku yi, kowa shida. Shida sau shida ya ba ku inci 72. Ku raba tsakanin gidajen da tsiri na yadi marar zane mai faɗin inci 2, ku kewaye da baki mai inci 4, duka awon bayan an ɗinke ne, ya kai inci 90, ya rufe gado mai ƙafa shida ya sauko gefe da gefe. Tsirin nan yana da wani amfani, yana ɓoye ɗan bambancin da ba a rasawa tsakanin hannu da hannu. Wajen guga a ɗora dutsen a ɗaga, kada a goga kamar ta riga, a kwantar da rarar ɗinkin ta ɓangaren yadi mai duhu.

Kada ki ga kamar tsanani nake yi. Mafi girman aikin gayya da aka taɓa yi a wannan sana'a, awo ɗaya ne ya riƙe shi. A 1987 wani mutum mai suna Cleve Jones da abokansa a San Faransisko suka fara tara ƙyallayen tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe. Uwa ta ɗinka na ɗanta, ƙanwa ta ɗinka na wanta, wasu ba su taɓa riƙe allura ba, wasu da rigar mamacin suka yi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, kowanne ya zama ƙafa 3 a faɗi, 6 a tsawo, gwargwadon kabari. Takwas-takwas ake haɗa su. A watan Oktoba na shekarar aka shimfiɗa guda 1,920 a babban filin birnin Washinton, yau kuwa sun kai wajen dubu hamsin. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, aikinsu ya zauna gefe da gefe, don kowa ya mutunta awon.

Kin tambaye ni kuma yadda baje kolin barguna yake a nan. Ƙungiyarmu tana zama sau ɗaya a wata, yawancinmu ba sana'arsu ba ce, akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, sha'awa ce kawai. Kowace ta miƙe ta ware abin da ta gama, a yaba, a yi tambaya. Muna haɗa ƙananan barguna ana kai wa jarirai a asibiti. Suna kuma yin wani babba da ake sayar wa tikiti a ciri mai rabo, wannan kam na ce musu addinina bai yarda ba, ina sa hannu a na jarirai, kuma sun fahimta. Ranar baje koli ana rataye barguna layi-layi a babban zaure, ba mai taɓawa. Akwai mata masu farin safar hannu, in kina son ganin baya sai ki yi magana su ɗaga miki. Nan na gane bayan ne ke ba da labarin mai aiki. Alƙalai suna duba ko kusurwoyi sun haɗu baki da baki, ko taƙin ɗinki ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko akwai ƙullin da ya leƙo, ko bargon ya sauko a miƙe. Ta ɗaya shuɗin kirtani ake maƙala mata, ta biyu ja. Manyan taruka suna Paduka a jihar Kentaki, inda ake yi tun 1985, akwai ma gidan tarihin kwilt da aka buɗe a garin a 1991, sai na birnin Hustan a Tekzas da ake yi kowace kaka.

Na san in kin bincika a intanet za ki ci karo da bargunan Gee's Bend, ki ce mini ai ga su nan a karkace kuma duniya na yabo. Gaskiya ne. Ƙauye ne a lanƙwasar kogin Alabama, mutanensa jikokin bayi ne, da yawansu sunan gidansu Pettway. Talauci ya sa matansu suka riƙa yayyaga tsofaffin wandunan noma suna haɗawa ba rula ba kwali, har inda gwiwa ta koɗe ana gani. A 2002 aka rataye aikinsu a gidan zane-zane na Hustan, daga nan aka kai Niyok, a 2006 hotunansu suka hau kan sarkin gidan waya. Ina ƙaunar aikinsu har raina. Amma ki lura, fuskar bargon galibi mace ɗaya ke haɗa ta, idonta shi ne ma'auninta, ido ne kuma da ya tashi tun yarinta a gefen uwa da kaka. Sai an zo ratsa hawa ukun ne maƙwabta ke taruwa. Wata rana za ki yi naki irin haka ke kaɗai, kuma zan so in gani.

Ranar taruwar ita ce daɗin abin, gayya ce sosai irin ta gona. Ku share tsakar ɗaki, ku shimfiɗa shafin fuskarsa na kallon ƙasa, ku ja shi ya miƙe ba tare da ya ɗame ba. Shi da audugar su fi fuskar da inci 4 ta kowane gefe, don ɗinki yana jan su ciki. Mai kauri ba ta da amfani a Kano, hunturun wata biyu zuwa uku ne, ku sa marar nauyi wadda za ta wanku ta bushe a igiya. Ku kafe hawa ukun da dogon taƙi ko fil mai makulli, tazarar tafin hannu, daga tsakiya zuwa waje. Ɗinkin ma daga tsakiya ake farawa a nufi baki, don duk wata tattara ta gudu waje. Gwanaye suna sa taƙi takwas zuwa goma a inci guda, ku in kun samu biyar ko shida masu kai ɗaya ya wadatar. Ƙulli kuma ba a barinsa a fili. Ki soka allurar ɗan nesa, ki fizgi zaren a hankali har ki ji ƙullin ya yi ɗan ƙas ya shige cikin audugar.

Daga ƙarshe ku datse gefen, ku naɗe shi da tsiri mai inci 2 da rabi da aka ninka biyu, gaba da keke, baya da hannu. A kusurwar baya ku ɗinka farin ƙyalle da sunan amarya da naku ku shida da shekara. Wannan kada ku manta, gidajen tarihin nan cike suke da barguna masu kyau da ba a san wadda ta yi su ba.

Ran Juma'a in Allah ya kai mu ki turo mini hoton tsirin gwaji guda shida, kowanne da tef a kwance a kansa yadda zan iya karanta lambar. Sai na gani za ki fara yanka. Ki gaishe mini da mamanki da kyau, ki ce mata ina nan tafe kafin bikin in Allah ya yarda.