Ku Tambayi Malam: In na karanta ilimin ƙasar noma da tsirrai, ina zan samu aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce a tarminal D a nan Damagaram, unguwar Birni. In Allah ya ba ni bak ina son in karanta abin da ya shafi ƙasar noma da tsirrai, amma babana ya ce shekara 13 a lakwal sannan in koma ga hauya? Shi likita yake so. Don Allah akwai aiki a ciki kuwa, kuma ya dace da mace?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba ki bak ɗin nan da sakamako mai kyau. Kar ki ga laifin baba, shi abin da ya sani a noma wahala ce, rana da ƙishirwa da jiran ruwa, ba ya son ki sha abin da ya sha. Amma ki zauna da shi cikin ladabi ki nuna mishi cewa wannan ma likitanci ne, sai dai mara lafiyar gona ce. Manomi ya zo ya ce hatsinsa ya yi rawaya bai tashi ba, ke ce za ki je ki duba, jigawa ce ko geza ko fadama, ki ɗebi ƙasa a wurare da yawa cikin gonar ki haɗa ki kai labo a auna, ki gano taki ne babu ko ƙuduji ne ya kama saiwa ko ƙasar ce ta gaji.

Bari in ba ki misali ɗaya da nake so ƙwarai. Jigawarmu abin da ya fi ƙaranci a cikinta shi ne sinadarin fosfor, talaka kuma ba shi da kuɗin da zai watsa buhu-buhun angire a gona. Masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka yi ta gwaji har suka gano cewa giram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane gurbi lokacin shuka, ko giram 2 na takin DAP, wato abin da yatsu uku ke ɗauka, ya isa ya ba hatsi ƙarfin tashi. In hekta tana da gurbi 10.000, kilo 60 ke nan na NPK, ko kilo 20 na DAP. Na tsaya da ƙafata a gonar gwaji wajen Mirya, layi ɗaya an sa, layi ɗaya ba a sa ba, sati uku bayan shuka wanda aka sa ya yi kore shar ya yi kauri, ɗayan kuma siriri kamar tsintsiya, mai gonar ya durƙusa yana ta shafa ganyen yana cewa Malam ashe ɗan wannan ne. Walahi har yau in na tuna sai in ji daɗin aikin nan ya dawo min sabo.

Ɓangaren tsirrai ma haka. Murzuna da ke cin zangarniyar hatsi, yanzu akwai wani ɗan ƙwaro da ake kiwo a labo, Habrobracon hebetor, a sa shi cikin ƙananan buhunan garara a rataye a ƙauye, ya fita ya kashe tsutsar ba tare da an fesa magani ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da ake ajiye wake, iska ba ta shiga ƙwari su mutu, masu bincike na INRAN Maraɗi sun yi aiki sosai a kansa. Irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP, da CHAKTI mai sinadarin ƙarfe da aka fitar a 2018, duk mutane ne suka zauna shekaru suna zaɓen iri. Kuma ba sai kin je nesa ba, ki bi hanyar Matamaye zuwa Magarya ki ga gawo cike da gonaki, manoma ne suka raine shi da sassaben zamani, wato barin tohon itace ya tashi a gona, yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, har daga ƙasashen waje ake zuwa nazarinsa.

Inda ake karatun: akwai sashen agronomi, wato ilimin noma, a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, akwai a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi wadda ta fi miki kusa, akwai kuma a Tawa da Tilaberi da Difa. Lisans shekara 3, masta 2, dokta 3. Ki dage da shimi da SVT da lissafi, musamman shimi, don ilimin ƙasa rabinsa shimi ne.

Zancen mace kuwa, ana nemanku ma. Matan da ke noman rani a Korama da masu gyaɗa da wake da ridi sun fi sakin jiki da malamar gona, akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba ke ki shiga har ɗaka. Abu guda dai zan faɗa miki tsakani da Allah, akwai shiga daji, akwai babur cikin rairayi da rana, in kin san ba za ki jure ba ki nufi ɓangaren labo ko iri tun wuri.

Tambaya: Malam ɗana ya gama lisans a agronomi shekara biyu ke nan yana zaune gida, gwamnati ba ta ɗauka. Me za mu yi? Daga wani uba a Tanut.

Amsa: Alhaji Allah ya sa albarka, na san zafin wannan. Gaskiya ɗaukar gwamnati ba kullum ba ce kuma masu jira suna da yawa, to kar ya zauna yana jiranta kaɗai. Ya nemi sitaj ko ba biya, a ofishin noma na jiha ko cibiyar INRAN ko majalisar manoma ta jiha, ya yi sarbis sibik ɗinsa, don furoje da ƙungiyoyi in za su ɗauki mutum abin da suke fara tambaya shi ne wane aiki ka taɓa yi a fili. Masu gyaran fako da ramukan tara ruwa irin rabin wata da tassa, masu daure tudun rairayi wajen Gure, duk suna buƙatar wanda ya san ƙasa ya kuma iya rubuta rahoto da kwamfuta.

Sannan in kuna da gona ku yanka mishi ko rabin hekta ne. Noman iri mai inganci sana'a ce, a yi rajista, masu duba iri su zo su gani, a sayar da shi sama da kuɗin hatsin ci. Ko gandun dashe, ko shagon iri da taki da magani inda mai shagon ya san abin da yake sayarwa, don da yawa ana ba manomi maganin da ba a san ma'auninsa ba, yana fesawa ba safar hannu ba takunkumi, abin yana damuna matuƙa. Yaro mai lisans a irin wannan shagon alheri ne ga gari guda. In kuma kansa na ja kuma da hali, ya koma masta.

Tambaya: Ni BEPC kawai gare ni Malam, ƙofa ta rufe ke nan? Daga wani matashi a Dungas.

Amsa: Ba ta rufe ba ɗana. Akwai makarantar IPDR ta Kollo, can ake horar da malaman gona da na gandun daji da sauran ma'aikatan karkara, da konkur ake shiga. Ka riƙa leƙa ofishin noma na Dungas kana tambayar lokacin da za a buɗe ajiye takardu, ka tanadi takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa tun yanzu, kafin nan kuma ka koma kan littattafanka na lissafi da SVT na aji uku.