Kwana uku gareni a Turai ni kaɗai: Landan, Amstadam ko Granada?

TAMBAYA: Salam Yaya, fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Yayana da yake zaune a Faris ne ya turo min takardar gayyata, Alhamdulillah biza ta fito, watan Oktoba zan tafi inyi sati biyu a wurinsu. Toh munyi magana yace akwai wasu kwana uku a tsakiya da aiki zai riƙe shi, matarsa ma aiki take yara kuma suna makaranta, yace in inaso in ɗan fita ni kaɗai inga wani wuri da in zauna a gida ina kallon bango. Ni kuma tunda nake ban taɓa fita waje ba sai Umara, ita ma cikin ayari muka je. Wuri uku ne a raina, Landan saboda akwai abokina da mukayi makaranta tare, Amstadam saboda hotunan da nake gani a Instagram, sai Granada ta Sifaniya saboda labarin Andalus da muka sha ji a Islamiyya. Wani ma yace in haɗa biyu tunda ƙasashen Turai duk kusa suke da juna. Kuɗin da na ware bai taka kara ya karya ba, Faransanci kuma gaisuwa kawai na iya, Turanci dai inaji. Wanne zan ɗauka?

Wani mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya kaimu lokacin lafiya yasa a je a sa'a.

Bari mu fara sallamar Landan dan ita bata ma shiga layi ba. Bizar da ke fasfonka ta Shengen ce, ƙasashe 29 take buɗe maka, kuma Ingila bata cikinsu, tata bizar daban ake nema da kuɗinta da jiranta. Kar kaga jirgin ƙasan Eurostar yana tashi daga tashar Gare du Nord ya sauke mutum a Landan cikin awa biyu da 'yan mintuna kace ai tsallakawa kawai zanyi, tun a tashar Faris ɗin jami'an Ingila suke duba fasfo, nan zasu maido ka. Sannan ka buɗe fasfonka yanzu ka duba takardar bizar, akwai gurbin da ake rubuta sau nawa aka yarda ka shiga, in kaga 01 toh shiga ɗaya ce tal, ranar da ka fita daga yankin ta mutu ko da kwanakinta basu ƙare ba, in kaga MULT shine zaka iya fita ka dawo. Holan, inda Amstadam take, da Sifaniya kuwa duk suna ciki, zuwansu ba fita bane. Abokinka in zumunci yake so shi ya hawo jirgi ya same ka a Faris, in takardunsa sun bashi dama.

Shi kuma wanda yace ka haɗa biyu, a taswira yake kallon abin. Kwana uku fa kwana biyu ne a otal, ranar farko rabinta hanya ta cinye, ranar ƙarshe ma haka, abin da ya rage maka cikakke yini ɗaya ne rak. In ka raba wannan yinin gida biyu babu abin da zaka tsira dashi sai tashoshi da jan akwati da gajiya, ka dawo ana tambayarka me ka gani kana lalube a waya. Wuri ɗaya zaka zaɓa.

Amstadam tafi sauƙin zuwa, gaskiya ɗaya ce, jirgin ƙasa ne kai tsaye daga Gare du Nord wajen awa uku da minti ashirin, ka sauka a tsakiyar gari, kusan kowa yana jin Turanci. Gari ne mai kyau, ruwa ya ratsa ko'ina, kekuna kamar ƙasa. Amma otal ɗinsu akwai tsada sosai, Oktoba kuma lokacin ruwa ne da iska mai sanyi, kuma ka lura da dalilin da ka bayar da bakinka, hotuna. Granada kuwa cewa kayi labarinta ka taso dashi. Wanda zai yi tafiya shi kaɗai ba abokin hira gara yaje inda zuciyarsa take da abin faɗa masa, in ba haka ba kafin la'asar kaɗaici ya fara cinsa. Ni dai Granada nake ce maka, amma da sharaɗi ɗaya.

Sharaɗin shine tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Granada. Kafin ka sayi tikitin jirgi, kafin kayi bukin otal, ka shiga shafin hukumar da ke kula da wurin ka duba ko akwai gurbi a ranar taka ta tsakiya, dan mutanen da ake bari su shiga ƙidayayyu ne kuma tikitin yana ƙarewa tun saura makonni. Kuɗinsa wajen yuro 20 ne, ka tabbata wanda ya haɗa da fadojin Nasrawa, wato Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a garin, ka saya, su ne zuciyar wurin. Da sunanka da lambar fasfonka ake yankarsa saboda haka ranar ka tafi da fasfon ainihi a jikinka, kuma akwai lokacin shiga fadojin da aka buga a jiki, in an rubuta 10:30 toh 10:30 ɗin ce, wanda ya makara shikenan ya rasa. Ka isa da wuri, hawa ne, akwai ƙananan bas jajaye da suke ɗauka daga tsakiyar gari su kai ka har ƙofa.

Wallahi ƙanina ranar da na fara shiga wurin na daɗe a tsaye. Duk bangon an sassaƙe shi kamar aikin wuyan babbar riga, kana ɗauka ado ne kawai sai idonka ya saba kaga ashe rubutu ne, wa la galiba illallah, a nan, a can, sama da ƙofa, gefen taga, ko'ina shi ake maimaitawa. Kai da kayi allo ba sai wani ya karanta maka ba, zaka ga Turawa suna bin mai yi musu bayani kai kuwa bango da kansa yake maka magana. Ga farfajiyar zakuna 12 da suke ɗauke da kwarin ruwa, ga lambun Generalife inda duk inda ka juya ƙarar ruwa kake ji. A nan sarkin Musulmi na ƙarshe a Andalus, Muhammad na 12, ya zauna har ya miƙa garin ranar 2 ga Janairu 1492. Kuma garin ba baƙo bane a wurinmu, Alƙali Iyal mai Ashafa da ake karanta mana duk azumi ya taɓa yin alƙalanci a Granada.

Da yamma ka haura unguwar Albaicin, tsohuwar unguwar Musulmi ce, lunguna ne matsattsu da aka shimfiɗe da duwatsu saboda haka ka sa takalmin da zaka iya hawa dashi, ba silifas ba. A can sama akwai babban masallacin garin da aka buɗe a 2003, gefen dandalin San Nicolas. Kayi magariba a nan, kafin a kira sallah ka tsaya a lambun masallacin, Alhambra tana fuskantarka ta koma ja saboda faɗuwar rana, duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Abinci ma ba zai baka wahala ba, in ka gangaro akwai layin Caldereria Nueva cike da masu shayi da gidajen abincin mutanen Maroko, halal. A sauran wurare kayi hattara dan al'adar garin ce in ka sayi ko lemo ne a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, kuma sau da yawa da naman alade a ciki, ka riƙe kalma biyu, sin cerdo, wato banda alade. Mutanen garin basa cin abincin dare da wuri, sai wajen tara. Kusa da babban coci kuma akwai mata masu miƙo maka ɗan reshen ganye kamar kyauta, kana karɓa zasu kama hannunka su nemi kuɗi, kace no gracias ka wuce abinka.

Hanya: jirgin sama daga Faris zuwa Malaga ta Sifaniya wajen awa biyu da rabi, daga nan bas ɗin kamfanin ALSA ya kai ka Granada cikin kamar awa biyu. Ka duba filin jirgin da zaka tashi da kyau, Orly da Charles de Gaulle suna kusa, Beauvais kuwa sunan Faris kawai yake ɗauke dashi, tafiyar sama da awa ɗaya ce a bas. Jirage masu arha a kaya suke fanshewa, ni akwai wani kamfani da ya taɓa cajina kuɗin jaka a bakin ƙofar shiga fiye da kuɗin kujerar, abin ya min ciwo har yau, kai jakar baya ɗaya ta ishe ka kwana biyu. Ka sa yayanka ya saya maka sim na Faransa, zai yi aiki a Sifaniya ba ƙarin caji, ka sauke taswirar garin a waya, ka tura masa adireshin otal ɗin, lambar gaggawa kuma 112 ce duk ƙasashen. Jakar a gaba ka riƙa rataya ta cikin cunkoso.

In ka duba ka tarar tikitin Alhambra ya ƙare a ranakun, kar ka je ka tsaya a waje kana leƙe, daga Malaga ka hau jirgin ƙasa zuwa Ƙurɗuba, awa ɗaya ce, garin da aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya. Masallacin garin da sarkin Andalus Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa a 785 yana nan da ginshiƙansa masu ja da fari, sai dai ka sani tun 1236 coci ne, kuma masu gadi basa barin ayi sallah a ciki, kayi sallarka a masauki kafin ka shiga.

Sannan ka roƙi yayanka kwana ukun nan su faɗo tsakiyar zaman da gaske, kar su matso kusa da ranar komawarka gida, dan in jirgin Malaga ya makara kana da sauran kwanaki a hannu.