Yadda injin gurzar auduga ya tayar da Funtua

Malam, ka tambaya ko injin gurza na Bisije ne ya mayar da Funtua gari, ko kuwa jirgin ƙasa. Ai ba a raba su, amma akwai na uku da ake yawan mantawa da shi, wato angurya.

Kamfanin BCGA (British Cotton Growing Association), wanda bakin mutanenmu ya mayar Bisije, an kafa shi a Manchester a 1902 don samar wa masaƙun Ingila auduga. Da fari bai ji da daɗi ba a ƙasar Hausa, domin masu kaɗi da masaƙan gida, musamman na Kano, sun fi shi saye da daraja. Sai da aka shigo da irin auduga na Allen, ɗan asalin Amurka, wajen 1912, daga baya aka riƙa yaɗa shi daga gonar iri ta Daudawa, kusa da Funtua, sannan ciniki ya fara juyowa wajensa.

Idan aka gurje buhu uku, kusan ɗaya ne kawai tsabar auduga, sauran biyun angurya ce. Asara ce a yi dakon wannan nauyi har Legas, shi ya sa ake kafa inji a tsakiyar gonaki, a bakin dogo. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, aka riƙa matse auduga dila-dila, kowace kimanin laba 400, a loda a tasha. Anguryar kuma daga injin take komawa hannun manoma kyauta a matsayin iri. Wanda ke riƙe da iri kuwa shi ke yanke abin da za a shuka baɗi.

Aikin na kaka ne zuwa rani, daidai lokacin da 'yan ci-rani ke neman abin yi. Ga 'yan dako, ga masu jakuna da raƙuma, ga malaman sikeli, ga masu abinci. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, Yarabawa da Inyamurai suka biyo dogo. Garin da dā yake ƙarƙashin inuwar Maska ya zama nan ne mazaunin Sarkin Maska, kuma har gobe akwai unguwar da ake kira Bisije.

Inda ake samun matsala sananne ne. Audugar da aka yayyafa wa ruwa ko aka cusa wa tsakuwa don ƙarin nauyi tana faɗuwa daga lamba ɗaya, wato ajin da ya fi daraja, tana cushe haƙoran inji, ƙyastu ɗaya kuma ya isa gobara. Manomi kan jinkirta shuka sai ya gama da dawa da gero, yabanya ta ƙi. A wancan lokaci kuma dole ne a tuge karan a ƙone bayan tsinka saboda tsutsa.

Da aka rusa hukumar cinikin auduga a 1986, raba iri da tantance lamba suka watse, iri ya gauraye, injinan yankin da dama suka koma aiki rabi-rabi.